Yatsu Huɗu na Iska

Sau uku Auta ta faɗa wa yayanta. Na farko ana saura kwana biyu ta tashi daga gidan, na biyu da sassafen ranar, na uku kuwa tana tsaye a ƙofar babbar mota, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, direba yana ta danna mata ham.

"Yaya, yatsu huɗu. Ka bar musu yatsu huɗu tsakanin ruwa da murfi. Kuma don Allah kada ka matse murfin."

"Na ji, na ji," in ji shi. Waya tana maƙale tsakanin kunnensa da kafaɗa, yana yi wa wani faɗa a kan tankin da ya ƙi cika.

Duk wanda ya zauna da Yaya ya san wannan "na ji" ɗin. Da shi yake rufe bakin mutum in ya gaji da magana. Matarsa ta sha shi, masu ba shi aiki sun sha shi, Auta kuwa da shi aka yaye ta, don shi ya riƙe ta tun tana 'yar shekara tara, lokacin da mahaifinsu ya rasu. Yau tana da arba'in da biyu, amma har yanzu in tana magana kallon da yake mata na yarinyar da ta ɓatar da takalmin makaranta ne.

A yi masa adalci, mutum ne mai hannu. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran famfo, kuma duk bututun da ya ɗaura ya ɗauru ke nan. Sai dai sana'ar ta bar masa wata aƙida guda: iska ce uwar kowace fitina. Famfo ya yi tari, iska ce. Inji ya ƙi jan ruwa, iska ce. Bango ya yi ƙugi, iska ce ta shiga layi. Rabin rayuwarsa ya ƙare a korar iska daga inda ruwa yake, kuma yana alfahari da hakan. Ga shi ba ya iya ganin abu ya bar shi yadda yake. Ya taɓa zuwa gaishe ta ya ga keken ɗinkinta yana ɗan karkarwa, ya ɗaure duk wani noti da ya gani, keken ya yi mako yana tsinka zare.

Auta ɗinkin labule take yi. Mijinta mai fentin mota ne, kowa Mai Fenti yake ce masa, har ita. Fentin da ya ciyar da su shi ya cinye masa huhu, a hankali, shekara bayan shekara, har ta kai ba ya iya hawa matakala uku bai tsaya ba. Wata rana yana dawowa daga asibiti ya biya ta rumfar masu sayar da tsuntsaye da kifin ado, ya dawo gida da kwalba a hannu, a ciki wani ɗan kifi da bai kai tsawon yatsa ba, jelarsa kamar an yanko ta daga siliki. Masu sayarwa beta suke ce masa, wasu kuma kifin faɗa, don in ka haɗa maza biyu wuri ɗaya sai ɗaya ya ga bayan ɗaya. Amma ba faɗan ne ya ɗauki hankalin Mai Fenti ba. Launin ne.

"Dubi shuɗin nan," ya ce mata. "In ya juya nan kore ne, in ya juya can kamar an zuba masa ja a ƙasa. Shekara ashirin ina haɗa fenti, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba."

Ya sa aka kawo masa ragowar gwangwanaye daga gareji. Yana zaune bakin taga ya haɗa ya shafa a kan murfin gwangwani, ya ɗaga kusa da kwalba, ya yi tsaki ya goge. Da ya yi wata guda bai samu ba sai ya sallama, ya raɗa wa kifin suna Gagara-haɗi. Daga ɗaya suka koma sha ɗaya, kowanne da kwalbarsa, a jere a kan katakon da ke ƙarƙashin taga.

Shi ya koya mata halinsu. Ya ce asalinsu 'yan kududdufai ne masu ɗumi, ruwan da ba ya gudu, wanda iskar cikinsa ba ta isar kifi. Don haka aka halicce su da wani abu kamar huhu a cikin kai. Jim kaɗan sai kifin ya taso, ya huda saman ruwa da baki, ya ɗebi iska, ya koma. In ka hana shi tasowa, musamman a ruwa kaɗan mai zafi, sai ya nutse kamar yadda mutum zai nutse.

"Kifi ya nutse?" ta ce tana dariya, ranar farko.

"Ki tambaye shi. Ni da shi yanzu sana'armu ɗaya, neman iska."

A watanninsa na ƙarshe haka yake wuni. In ƙirji ya matse shi, sai ya kafa wa kwalbar ido. Gagara-haɗi ya taso, shi ma ya ja numfashi. Kifin ya koma, shi ma ya sake. Auta tana kan keke tana jin su, har ta iya gane lokacin da kifin ya taso ba tare da ta waiwaya ba. Wata takwas ke nan da rasuwarsa, kuma har safiyar nan in ta ga shuɗin nan ya nufi sama sai ta kama kanta tana jan numfashi.

To, mai gidan da take haya ya sayar da shi, masu saye za su rushe. Yaya ya gyara mata ɗaki a bayan gidansa, ya ce ba shawara ya zo yi ba. Ta yarda, don ba ta da inda ya fi. Kujeru, gado, tukwane, duk ba ta damu ko a jefa su a mota ta tagogi ba. Abu biyu ta ce ita za ta riƙe da hannunta: kan keken ɗinki da kifayen. Ta rage wa kowace kwalba ruwa, ta ɗaura mata jan zare daidai inda ruwan ya tsaya, ta ɗora murafen sakwa-sakwa, ta jera su a kwali.

Yaya ya leƙa kwalin, ya leƙa babbar motar, ya girgiza kai.

"Wannan akwalar? Kafin ku kai titi rabin ruwan nan yana kan cinyarki. Ki bar su, in taho da su a tawa motar. Minti talatin ina bayanki. Ke je ki nuna musu inda za su sauke kaya, kada su fasa miki madubi."

Maganar ta yi ma'ana. Abin da ya fi ci mata rai daga baya ke nan, cewa maganar ta yi ma'ana. Ta shiga mota da kan keke a cinya, ta faɗa masa karo na uku, ya ce ya ji.

Ƙarfe goma suka isa. Kafin sha ɗaya an sauke komai, direba ya tafi. Matar Yaya, wadda Auta ke kira Anti, ta taya ta shimfiɗa leda a ƙasa, suka kafa gado, suka jingina katakon kifayen a ƙarƙashin taga. Auta ta fita bakin ƙofa ta duba titi. Ta dawo ta goge katakon da ta riga ta goge. Ta sake fita.

Sha biyu ta kira Yaya, bai ɗaga ba. Sha biyu da rabi bai ɗaga ba. Sai kusan ɗaya ya ɗauka, ana jin ƙarar ruwa da hayaniyar mutane a bayansa.

"Yaya, kana ina?"

"Bututu ne ya fashe a wani gidan burodi, ruwa har cikin buhunan fulawa. Minti goma."

"Kifayen fa?"

"Suna but ɗin mota, lafiya lau. Ki kwantar da hankalinki, na yi musu aiki mai kyau. Ko ɗigo ba zai zuba ba."

Auta ta miƙe tsaye.

"Ko ɗigo? Yaya, me ka yi wa murafen? Yaya, ka je ka buɗe but ɗin nan yanzu, ka sassauta—"

"Na ji, na ji." Ya kashe.

Ta sake kira sau bakwai. Ta tambayi Anti wane gidan burodi ne, Anti ta ce gidajen burodin da yake yi wa aiki sun fi goma, kowanne da unguwarsa. Auta ta saka takalmi, ta kai bakin titi, ta tsaya ba ta san ko dama za ta yi ko hagu ba, ta dawo. Rana ta take tsaka, simintin tsakar gida yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ta tuna but ɗin motar Yaya, baƙin ƙarfe, babu ko taga.

"Ki zauna ki ci wani abu," in ji Anti. "Kin san halinsa, amma ai ba zai ɓata miki abu ba."

"Don na san halinsa ne na kasa zama, Anti. Ki ara mini farantai. Masu faɗi, duk wanda kike da shi."

Ta jera farantai sha ɗaya a inuwar baranda. Ta ɗauko jarkar ruwan da ta tara tun shekaranjiya don ya kwanta, ta zuba a kowanne, zurfin gaɓar yatsa. Anti tana kallonta. Zuciyar Auta ta riga ta kawo wuya, amma ta danne, don har yanzu tana ce wa kanta ƙila ya bar ko yatsa ɗaya.

Biyu da rabi motar ta shigo. Yaya ya fito wando jiƙe har gwiwa, fulawa a gira, fuska cike da fara'ar mutumin da ya ci nasara sau biyu a rana ɗaya. Ya buɗe but, zafi ya buso. Ya ɗaga kwalin ya ajiye a baranda, ya ɗage tsumman da ya rufa.

Aiki ne mai kyau, wannan ba ƙarya. Ya cusa tsumma tsakanin kowace kwalba da 'yar'uwarta. Kowane murfi ya sha farin tef ɗin nan da ake naɗa wa bakin bututu. Jan zarenta yana nan inda ta ɗaura, can ƙasa, ruwa ya haye shi ya kai har murfi. Ya zaro kwalba ɗaya ya kifa ta a gaban idonta.

"Kin gani? Ko ƙwayar kumfa babu. A cikin bokiti na nutsa su ɗaya bayan ɗaya, na tare kifin da tafin hannu, na rufe a ƙarƙashin ruwa. In ruwa ya cika taf ba ya tangal-tangal, kifi ba zai bugu ba. Guda ɗaya ce ta ba ni kunya, murfinta ya tsage, ta jiƙa mini but—"

A cikin kwalbar da ya kifa, wani jan kifi ya gangaro a hankali, ciki a sama.

Auta ta fizge kwalbar. Ruwan ɗumi ne kamar na wanka. Ta murɗa murfin, ko motsi. Ta sa bakin zanenta ta murɗa, ta sa haƙori a tef ɗin, babu. Yaya in ya ɗaure abu ya ɗauru ke nan.

"Buɗe."

"Bacci suke yi, ki bari su huta tukuna, girgizar hanya ce—"

"Buɗe nake ce maka!"

Muryar ta daki bangon gidan ta dawo. Anti ta dafe ƙirji. Tun da aka haifi Auta ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, shi kansa sai da ya waiwaya ya ga ko da wani take. Ya karɓi kwalbar ya murɗe. Ita kuwa ta riga ta zube gwiwa biyu tana watsar da tsumma, tana ɗaga kwalabe tana ajiyewa. Ja, fari, mai ɗigo-ɗigo, duk a kwance. Ta kai tsakiyar kwalin. Nan Yaya ya ajiye kwalbar shuɗin, a naɗe cikin tawul ɗinsa na kansa.

Gagara-haɗi yana ƙasan kwalba a kan gefensa, jelar nan ta naɗe ta manne. Amma gefen kansa yana motsi. Kaɗan, da jinkiri, amma yana motsi.

"Yana da rai! Wannan, Yaya, wannan, bar waccan!"

Ya karɓa ya murɗa. Murfin bai motsa ba. Ya sake murɗawa har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wannan na ƙara masa gam," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "A kan tef ɗin."

"Gam."

"Bari in ɗauko wuƙa a mota."

Ya tafi da gudu-gudu, abin da rabonsa da yi an yi shekaru. Auta ta ɗaga kwalbar za ta rotsa ta a kan siminti, Anti ta riƙe mata hannu ta ce gilashin zai yanka shi. Suka tsaya haka, mata biyu riƙe da kwalba ɗaya, suna jin Yaya yana birkita akwatin kayan aikinsa. Ya dawo ya bi gefen murfin da wuƙa, zagaye ɗaya, zagaye biyu, gam ɗin yana fita kamar igiya. Ba a fi minti uku ba, amma Auta ta tsufa a cikinsu.

Murfi ya buɗe. Ta tsiyaye ruwan ta tafin hannunta, kifin ya sauko cikin hannun, ba nauyi ko kaɗan. Ta nutsa hannun a faranti, ta tallafe shi yadda bakinsa zai taɓa saman ruwa.

"Taso," ta ce. "Ga ta nan. Ga iskar nan, ɗebi."

Bakin ya buɗe. Wata 'yar kumfa ta fito ta tsaya a kan ruwa. Auta ta ja numfashi ta riƙe, tana jiran na biyu. Ta jira har ƙirjinta ya fara zafi, har idonta ya fara ganin duhu-duhu, sannan dole ta sake. Gefen kan bai ƙara motsi ba.

Anti ta bi sauran ta zuba a farantai kamar yadda ta ga an yi. Babu kifin da ya motsa. Tsakar gidan ta yi tsit, sai famfon bayan kicin, wanda a gidan mai gyaran famfo ne kawai za ka same shi yana ɗiga.

Da Yaya ya yi shiru a nan, ƙila da abin ya tsaya a kuka. Amma Yaya bai iya tsayawa kusa da abin da ya lalace bai faɗi dalili ba.

"Zafi ne," ya ce. "Zafin but ne, ban yi zaton zan daɗe ba. Ko kuma dama sun tsufa. Amma batun murfi, haba Auta. Kifi ne fa. A cikin ruwa yake. Ta yaya kifi zai rasa numfashi a ruwa?"

Ta ɗago. Hannunta yana cikin farantin har yanzu.

"Sau nawa na faɗa maka?"

"Ai na ga zaren. Na ɗauka alamar ƙasa ce, irin ta tanki, kada ruwa ya sauka ƙasa da—"

"Ban tambaye ka zare ba. Sau nawa na buɗe bakina na ce maka yatsu huɗu?"

Ya kalli jan zaren.

"Uku. Har da na waya huɗu. Me ka ce mini? Anti, me ya ce mini? Ke ma kin sani, don shi kike ci shi kike sha a gidan nan. Na ji! Me ka ji? Faɗa mini kalma ɗaya da ka ji! Shekara biyu kifayen nan suna gidana, sau nawa ka zo? Ka zauna a kujerar nan, marigayi yana nuna maka, yana ce maka duba zai taso, duba zai taso. Mutumin da numfashi ke yi wa wuya, ya kashe numfashinsa yana yi maka bayani. Kai kana kallon famfon kicin ɗina kana cewa wanda ya ɗaura shi bai iya aiki ba!"

"Auta, ki sassauta murya, maƙwabta—"

"Su ji! Ai gara su, ƙila su su ji! Kai ruwa ka sani a cikin bututu, shi ke nan ka zama sarkin ruwan duniya. Ba ka taɓa tsayawa ka kalli abu minti biyar ba ka sa masa hannu ba. Kekena ka ɗaure shi har ya daina ɗinki, na yi shiru. Makarantar da nake so ka ce ba ita ba, na yi shiru. Ɗakin nan ko tambayata ba ka yi ba, na kwaso kaya na taho, na ce Yaya ne, ya san abin da yake yi. Abu ɗaya na roƙe ka. Ban ce ka gyara ba, ban ce ka ƙara ba. Cewa na yi ka bari. Ka bar musu wuri kawai. Wannan ne ya gagare ka?"

Hawaye suna zuba amma muryar ba ta rawa. Fushi ne tsantsa, irin wanda ya daɗe a ajiye, kuma ta ji daɗin fitarsa, ta kuma tsani jin daɗin.

Yaya ya goge fulawar girarsa da bayan hannu. Ya yi abin da mutane irinsa suke yi in ƙasa ta zame musu, ya nemi abin da zai gyara.

"Gobe da safe zan je rumfar. In sayo miki wasu, sha ɗaya cif, har da shuɗi irin wannan sak."

Anti ta runtse ido, don ita ta san ya taka inda ba a takawa.

"Irin wannan sak," Auta ta maimaita a hankali. "Mai shi ya yi wata guda da gwangwanin fenti bai samu irinsa ba. Kai za ka samo gobe da safe. To ka haɗo mini da wanda zai zauna bakin taga yana numfashi tare da shi. Shi ma ka sayo irinsa sak."

Nan jikin Yaya ya yi sanyi. Ya dubi tawul ɗinsa a ƙasa, ya dubi igiyar gam ɗin da ke manne a wuƙa. Da ya yi magana, ba muryar da yake yi wa masu tanki faɗa da ita ba ce.

"Shi na fi kula da shi. Na san shi mijinki ya fi so. Na ce ko duk sauran za su zube, ban da wannan."

Ta san gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ba ta rage mata komai ba, sai ma ƙari. Da sakaci ya yi, da ta san inda za ta ajiye shi. Amma mutum ya durƙusa gaban bokiti, ya naɗa tef, ya shafa gam, ya cire tawul ɗin wuyansa ya naɗe, duk don ƙauna, kuma duk ba tare da ya saurari kalma ɗaya ba. Ta rasa me ake yi da irin wannan.

"Goma ne," in ji Anti can. Tana ƙirga farantai da yatsa. "Faranti ɗaya babu kowa. Ina ta sha ɗayan?"

"Mai tsagaggen murfin ce," in ji Yaya. "Na bar ta a but, ta yi kaca-kaca da wurin."

Anti ta je ta ɗauko. Tsohuwar kwalba ce, murfin roba ya tsage tun daga gefe har tsaka, tef ɗin ya jiƙe ya saki. Ruwan ya zube a hanya har ya sauka ƙasa da jan zare. A ciki akwai wata 'yar macen kifi mai launin toka, gajeriyar jela, wadda ko suna Mai Fenti bai wahalar da kansa ya raɗa mata ba, Toka kawai suke ce mata. Ta yi fari fat don wahala. Suna kallo ta karkaɗa jiki, ta taso, ta huda saman ruwa, ta koma.

Anti ta ajiye ta a inuwa ta cire murfin. Yaya ya tsuguna ya ɗauki murfin, ya juya shi, ya bi tsagar da babban yatsa. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ba da saninsa ba, ya fito da farin tef. Har ya kama bakin tef ɗin da farce.

Da hannun hagu Auta ta fizge shi, don na dama yana cikin faranti. Ta wurga shi iya ƙarfinta. Ya daki bango ya faɗo, ya gangara tsakar gida yana warwarewa, ya bar farin layi tun daga baranda har ƙarƙashin mota. Babu wanda ya bi shi.

Yaya ya ajiye murfin a hankali. Ya kalli hannayensa, ya rasa inda zai kai su, ya matse su tsakanin gwiwoyi. Ya zauna a kan simintin da jiƙaƙƙen wandonsa, fuska daf da kwalbar, yana kallo. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, bai taɓa komai ba.

Auta ta zaro hannunta daga ruwa. Gagara-haɗi yana kwance a tafinta, kuma shuɗin yana fita. Ta juya hannun wajen haske yadda Mai Fenti yake yi, ta nemi koren, ta nemi jan da ke ƙasa. Babu. Abin da ya rage launi ne da kowane yaron gareji zai haɗa da ido a rufe.

"Ta taso," in ji Yaya, da muryar mutumin da ya ga abu karo na farko. "Da baki take ɗiba. Auta, kin gani? Iska take sha. Ga shi ta sake tasowa. Auta."

Ba ta waiwaya ba. Ta rufe tafin hannunta.

"Na ji, Yaya," ta ce. "Na ji."